"Jama'a Ce Ta Matsa Mini": Baiwa, Kira da Kujerar Mulki

A watan Mayun 2022, bayan jam'iyyar APC ta yanke wa fom ɗin takarar shugaban ƙasa farashin naira miliyan 100, aka wayi gari da labarin da ya sa wasu dariya, wasu kuma suka riƙe baki. Wata ƙungiya da ta ce da yawun makiyaya da almajirai take magana ta je ta biya kuɗin, ta karɓo fom da sunan tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan. Ofishinsa ya fito ya ce shi bai aiki kowa ba. A 'yan kwanakin ne kuma aka ji cewa manoman shinkafa da wasu abokan arziki sun haɗa nasu miliyan ɗarin sun sayo wa Godwin Emefiele, wanda a lokacin yake zaune daram a kujerar gwamnan Babban Banki. Almajirin da bai san inda tuwon darensa zai fito ba, wai shi ne ya tara miliyoyi don ya roƙi wani ya zo ya mulke shi.

Ba a Abuja kaɗai ake wannan wasa ba. Duk wanda ya taɓa zama maƙwabcin mai neman ɗan majalisa ko ciyaman ya san yadda ake shirya shi. Motocin bas za su tsaya a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi, a rarraba ruwan leda. Wani dattijo zai miƙe, ya saɓa hannun babbar riga a kafaɗa, ya ce, "Alhaji, ba da wasa muka zo ba. Mun duba gabas mun duba yamma, ba mu ga mai share mana hawaye ba sai kai." Alhaji zai sunkuyar da kai, ya daɗe bai ce uffan ba, sa'an nan ya roƙi a ba shi lokaci ya yi istihara, ya kuma ji ta bakin iyaye. Direbobin da ke jira a waje sun san wanda ya zuba musu mai. Dattijon ma ya sani.

Dalilin wannan wahala a fili yake. A tarbiyyarmu, mutum ya buɗe baki ya ce "ni na iya, ku ba ni" abin kunya ne. Tun yaro na ƙarami ake cusa masa cewa yabon kai jahilci ne. Ban raina wannan tarbiyya ba, don ta raba gidaje da yawa da fitinar girman kai. Amma dubi abin da ta haifar a fagen shugabanci. Marar kunya ya gano yadda zai yi hayar masu kiransa, ya fito fes a matsayin wanda aka tilasta. Mai kunyar gaske kuwa, wanda wataƙila shi ne ya iya aikin, yana gefe yana jiran kiran da ba zai zo ba, tun da ba shi da kuɗin man da zai kawo masa tawaga. Abin har yakan kai shi kansa bai san abin da Allah Ya ajiye a jikinsa ba, domin bai taɓa samun filin gwadawa ba.

Ra'ayina shi ne, kiran jama'a shi kaɗai ba hujjar komai ba ne, ko da na gaskiya ne ba na haya ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko mutumin ya san ainihin abin da ya iya, da iyakar inda iyawar ta tsaya, kuma ko an taɓa ganinsa yana yin abin a ƙaramin wuri, lokacin da babu jiniya kuma babu kasafin kuɗi.

Garin Bauchi na farkon shekarun 1940 ya isa misali. Mutum uku suka haɗu a can. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan sarauta ba ne, ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya dawo yana koyarwa a makarantar Midil har ya zama hedimasta. Aminu Kano ya zo makarantar daga Kwalejin Kaduna a 1942, yana ɗan shekara 22. Sa'adu Zungur, ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar kwalejin Yaba ta Legas, rashin lafiya ce ta maido shi gida daga Zariya. A zauren muhawarar da aka buɗe a garin, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki ke zama suna tattauna al'amura, a nan kowannensu ya fara jin nauyin muryarsa. Zauren bai yi tsawon rai ba. Da tambayoyi suka kai ga yadda ake yanke wa sarakuna albashi, sai hukuma ta ga abin ya isa haka nan.

Babu wanda ya kai wa mutanen nan tawaga. Ƙaramin aiki ne ya tona asirin abin da ke cikinsu, kuma abin da ke cikin kowa daban ne. Sa'adu kaifin tunani da kaifin alƙalami aka ba shi. Shi ne mai hango abu kafin ya iso, shi ne ya fi kowa tasiri a tunanin Aminu, amma jikinsa bai ba shi damar dogon yawon siyasa ba, ya rasu a 1958 ƙasa ba ta kai ga 'yancin kai ba. Aminu baiwarsa ita ce cire wa talaka tsoro. Tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo masu zolayar masu iko, kuma ya gano da wuri cewa mutumin da ya yi wa hakimi dariya yau, gobe zai iya ɗaga ido ya tambaye shi lissafin haraji. Abubakar kuwa abin da aka ba shi ya fi wuyar ganewa, domin ba ya ƙara. Zai faɗi magana mai ɗaci da murya mai sanyi, ta yadda mai iko zai haɗiye ta ba tare da ya samu dalilin korarsa daga ɗaki ba.

Watan Agustan 1950 ya nuna bambancin. A cikinsa aka kafa NEPU a Kano, ranar 8 ga wata. A cikinsa kuma Abubakar ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya kawo ƙudurin a sake duba tsarin mulkin En'e baki ɗaya, yana kukan cewa talaka ba shi da ta cewa a yadda ake mulkinsa. Sarakuna ba su ji daɗi ba, amma maganar ta shiga. Kafin shekarar ta ƙare, Aminu ya ajiye aikin gwamnati a kwalejin horon malamai ta Maru, ya rungumi siyasar adawa da duk abin da ke tattare da ita na ɗauri da bulalar da magoya bayansa suka sha. Ƙorafinsu ɗaya ne, hanyarsu biyu. Har yau ana gardama a majalisun shayi kan wanda ya fi gaskiya a cikinsu, ni kuwa ina ganin gardamar ta kauce. Da Aminu ya gwada zama Abubakar, da bai yi wata guda a kujerar minista ta wancan zamani ba. Da Abubakar ya gwada zama Aminu, da an yi asarar mutumin da ya iya zaunar da Sardauna da Azikiwe da Turawa a teburi ɗaya. Kowa ya bi inda ƙarfinsa zai iya ɗauka.

Sai dai labarin Abubakar bai tsaya a nan ba, kuma sauran ne masu wa'azin "gano baiwarka" ba sa son faɗa. Haƙuri da iya sasanci su suka kai shi kujerar Firayim Minista a 1957, su suka sa ya jawo har jam'iyyar Action Group cikin gwamnatin haɗin kan ƙasa kafin 'yanci. Amma da Jihar Yamma ta kama da wuta bayan zaɓen Oktoban 1965, ana ƙone gidaje da mutane, haƙurin nan ne ya ɗaure masa hannu. Gaskiya ne akwai ƙawancen jam'iyyarsa da Akintola, Firimiyan Yamma, akwai kuma nauyin Kaduna a kansa. Duk da haka mutumin da ya sa dokar ta-ɓaci a Yamma a 1962 ya zauna yana jiran ƙura ta lafa da kanta. A Janairun 1966 yana karɓar baƙuncin shugabannin ƙasashen renon Ingila a Legas kan rikicin Rodeshiya, alhali hanyar Ibadan ba ta biyuwa cikin kwanciyar hankali. Kwanaki kaɗan bayan taron, ranar 15 ga wata, sojoji suka ɗauke shi. Ba ina ɗora masa laifin kisansa ba ne, Allah Ya kiyaye. Masu bindiga su ke da alhakin jininsa. Ina cewa ne halin da ya yi masa rana shekara goma sha biyar, shi ne ya gaza masa a wata uku na ƙarshe.

Labarin Shehu Shagari ya fi fito da abin sarari. Shi ma malamin makaranta ne: ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu, ya shiga majalisar wakilai ta tarayya a 1954, ya riƙe ma'aikatu daban-daban a Jamhuriya ta Farko. Bayan juyin mulkin 1966 bai ga ƙasƙanci ba wajen komawa gida ya kama aikin tara gudummawar gina makarantu a lardin Sakkwato, kafin Gowon ya jawo shi, har ya zama kwamishinan kuɗi na tarayya a 1971. Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, shi da bakinsa ya sha faɗa cewa kujerar sanata yake so. Mutum ne na majalisa, mai sauraro, mai neman tsaka-tsaki, kuma ya san haka. Manyan jam'iyyarsa ta NPN suka ce a'a, takarar shugaban ƙasa zai tsaya. A babban taron jam'iyyar a Legas a watan Disamba ya zo na ɗaya, Maitama Sule na biye da shi, sauran 'yan takara suka janye masa.

Wannan kira na gaske ne, babu wanda ya yi hayar bas. To amma me aka kira shi ya yi? Sabon tsarin mulki irin na Amurka ya tattara iko a hannun mutum ɗaya. Farashin man fetur ya fara faɗuwa daga 1981, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, ga badaƙalar lasisin shigo da kaya da ta shinkafa ta cika gari. Kujerar tana neman wanda zai dubi amininsa ido da ido ya ce masa ya kwashe kayansa. Kamar a ga mutum ya gwanance wajen sasanta ma'aurata ne, sai a miƙa masa bulala a ce daga yau shi ne dogari. Sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamban 1983, kuma kwamitin shari'ar da ya bincike shi daga baya bai same shi da satar dukiyar jama'a ba. Hannunsa tsab, waɗanda ke kewaye da shi ne ba a iya tsawatar musu ba. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, wasu daga cikin masu kiran nasa don wannan sanyin halin suka zaɓe shi, saboda sun san ba zai taka su ba. Mai kira ma yana da tasa buƙatar, kuma ba kullum take daidai da ta ƙasa ba. A ganina Shagari ya fi masu matsa masa sanin kansa, kuma hukuncinsa na farko shi ne daidai.

Masu fakewa da addini sukan kawo rabin magana. Gaskiya ne Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi kan roƙon shugabanci, kuma da Abu Zarri ya nemi a ba shi muƙami, an nuna masa cewa yana da rauni a wannan fanni, abin kuwa amana ne mai nauyi. Amma a duba wane ne Abu Zarri: sahabin da aka yi wa shaidar gaskiyar harshe da gudun duniya. Ba a ce imaninsa ya gaza ba, aikin ne ba nasa ba. A ɗaya gefen, Amru ɗan Asi bai daɗe da musulunta ba aka ba shi jagorancin rundunar da Abubakar da Umar ke cikinta, Khalid ɗan Walid shi ma bai jima ba ya zama kwamanda. Zaidu ɗan Sabit yana matashi aka lura da kaifin ƙwaƙwalwarsa, aka sa shi koyon rubutun Yahudawa, kuma shi ne daga baya Halifa Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani. Annabi Yusuf (AS) kuwa da kansa ya nemi a ba shi kula da taskokin Masar. Bai ce a ba shi kowace kujera da ta samu ba. Ya ambaci aiki guda, ya kuma ambaci abin da ya sa ya dace da shi, wato riƙon amana da sanin aikin. Ibn Taimiyya ya yi dogon bayani a littafinsa na siyasar shari'a cewa ƙarfi da amana su ne ginshiƙan muƙami, kuma irin ƙarfin da ake buƙata ya danganta da irin muƙamin. Saboda haka abin da aka hana shi ne kwaɗayi. Sanin kai ba a hana shi ba, kuma wanda ya iya ya noƙe ya bar wa wanda bai iya ba, da wuya a kira wannan tawali'u.

To ta yaya mutum zai gane nasa? Ba a ɗakin taron otal ba, inda ake biyan kuɗi a ce wa kowa shi shugaba ne. Alama mafi aminci da na sani ita ce abin da mutane ke kawo maka ba tare da ka tallata ba, kuma sau da yawa mai shi ba ya ɗaukarsa a bakin komai, don a wurinsa abu ne mai sauƙi. Dubi uwar adashe a unguwa. Mata da yawa ke zuba kuɗi a hannunta duk mako, babu rasit, babu lauya. Ta san wadda mijinta ya rasa aiki, ta san wadda bikin 'yarta ya matso, sai ta sauya jerin kwasa ba tare da kowa ta ji an zalunce ta ba. Idan wata ta fara latti, ba za ta tona ta a gaban mutane ba, za ta bi ta gida da magariba ta ce, "Yaya, lafiya kuwa? Na ga shiru." Wannan mata tana karɓar kuɗi, tana raba su bisa adalci, tana hukunci ba tare da wulaƙanci ba, shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ka ce mata tana da baiwar shugabanci, dariya za ta yi ta ce, "Ni? Ai ko firamare ban gama ba." Haka sakataren tashar mota da ke raba faɗan layi tsakanin direbobi tun asuba, haka matashin da duk rasuwar da aka yi a unguwa shi ake nema ya tsara masu haƙa kabari da masu karɓar gaisuwa.

Irin waɗannan ba za su gane kansu su kaɗai ba, sai an samu mai ido ya faɗa musu. Magabatanmu sun san haka, har sun yi masa tsari. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta so ilmi ya kai ga matan karkara, ba ta jira su zo su ce sun iya ba. Ta zaɓo dattijai mata masu hankali da riƙon amana daga garuruwa, ta naɗa kowaccensu jaji, ta ɗora musu malfa a ka don kowa ya san matsayinsu, su kuma suka riƙa jagorantar ayarin 'Yan Taru zuwa wurinta su koma gida da karatu. Matar da jiya ba a san ta da komai ba sai daka da reno, yau ga ta da alama a ka tana koyar da gari guda. NEPU ma, duk talaucinta, ta iya wannan. Gambo Sawaba ba ta yi nisa a boko ba, an yi mata aure tana yarinya ƙarama, amma jam'iyyar ta ga ƙarfin zuciyarta ta ba ta fili, ta zama shugabar mata, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, tana neman wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a da ba su samu ba sai a shekarun 1970. Kwalejin Katsina kanta, duk da Turawa don biyan buƙatarsu suka kafa ta, malamanta sun san kowane ɗalibi ciki da bai.

Yau wa ke wannan dubawar? Malamin firamaren da ajinsa ya cika ya batse, ko sunayen yaran bai gama riƙewa ba balle halayensu. Jam'iyyu sun daina renon mutane. Sai dai su yi cinikinsu. A 2018 an sa hannu a dokar rage shekarun tsayawa takara, aka maido na majalisar wakilai da na majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Abu ne mai kyau, amma shekaru ba su ne suka tare ƙofar ba. Ɗan shekara 25 da ya ci moriyar dokar, in ka bincika, galibi ɗan wani ne ko yaron wani.

Inda ya fi yi mini ciwo shi ne ƙaramar hukuma, domin can ne ya kamata a ce ana gwada mutane. Kansila shi ne matakin da uwar adashe ko sakataren tasha za su iya takawa, a gan su da ƙaramin kasafi da ƙananan rigingimu, a san wanda ya iya riƙon kuɗi, wanda ya iya sulhu, da wanda ya iya cewa a'a. Wanda ya gaza a nan, ɓarnarsa ba ta wuce mazaɓa ɗaya ba, kuma shi ma ya san iyakarsa tun da wuri. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce gwamnoni ba su da ikon ɗora kantomomi a gurbin zaɓaɓɓu. Jihohi suka shiga rige-rigen shirya zaɓe. A Bauchi PDP ta lashe kujerun ciyaman 20 duka. A Kaduna APC ta kwashe 23 duka. A Kano NNPP ta share 44 duka. Jam'iyyu uku masu gaba da juna, sakamako iri ɗaya: jam'iyyar gwamna ba ta faɗi ko a wuri guda ba. Kowa ya san cewa inda zaɓe ya zama haka, takarar gaskiya a wurin rubuta jerin sunaye ake yin ta, kuma halin da mai rubuta jerin ke nema guda ɗaya ne, wato biyayya. Daga cikin waɗannan kansiloli da ciyamomi ne, nan da shekara goma, za a tsamo 'yan majalisa da kwamishinoni, wataƙila har da gwamna.